Makonni shida ina auna hanyoyin tattara buƙatun manhaja daga manufa

Shugabar sashenmu ce ta ɗora min aikin, ana saura wata biyu mu fara gina manhajar da za ta riƙa ba majiyyata lokacin ganin likita a wani asibiti. Ta ce, "Malam, ba na so mu maimaita abin da ya faru bara. Duba min hanyoyin nan da ake fara aiki daga manufa, ka gaya mana wacce za mu ɗauka." Abin da ya faru bara kuwa kowa a ofis ya san shi. Mun tattara buƙatu fiye da ɗari biyu, kowacce ta fara da "manhaja za ta yi kaza", muka gina su kaf, da aka zo gwaji sai masu aikin suka riƙa tambayarmu dalilin wasu maɓallai, mu kuma muka rasa wanda ya nemi a saka su, balle dalilinsa.

Tunanin da ke ƙarƙashin waɗannan hanyoyi ba shi da wuya. Kafin ka rubuta abin da manhaja za ta yi, sai ka rubuta abin da mutane ke son cimmawa. Idan aka ba ka wata buƙata, ka yi ta tambayar "me ya sa?" har ka hau zuwa babbar manufa. Idan aka ba ka babbar manufa, ka yi ta tambayar "ta yaya?" har ka sauko kan abin da wani takamaimai zai iya ɗauka ya aikata. Hawa da saukar nan kowace hanya tana da su. Inda suka rabu shi ne abin da kowacce ta ɗauka da muhimmanci a tsakanin hawa da saukar.

Makona na farko ya tafi ne a kan jadawali, kuma a banza ya tafi. Na jera hanyoyi shida a gefe ɗaya: KAOS, da i* wadda ake kira "ai-sita", da GRL, da Tropos, da GBRAM, da tsarin NFR. A sama na jera ma'aunai: tana kula da saɓani tsakanin manufofi? tana da manhajar zane? tana ɗaukar buƙatun inganci irin su tsaro da sauri? Na yi ta karanta abin da masu hanyoyin suka rubuta ina sa alama. Da na gama, kusan kowane gida ya samu alama, don babu mai ƙirƙirar hanya da zai ce tasa ba ta kula da saɓani. Na kai wa shugaba, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce, "To, wacce ke nan?" Na yi shiru. A ranar na ajiye jadawalin, na yanke shawarar ɗaukar yanki guda na aikin asibitin in zana shi da kowace hanya da hannuna.

Uku daga cikin shidan ban daɗe a kansu ba. Tropos, wadda aka bunƙasa a farkon shekarun 2000 musamman a Jami'ar Trento ta Italiya, a kan i* aka gina ta, kuma tana son ta raka ka tun daga buƙatu har tsarin ginin manhaja mai wakilai masu cin gashin kansu, wato sassan manhaja da kowanne ke yanke shawara da kansa, mu kuwa ba irin wannan manhaja za mu gina ba. Tsarin NFR, wanda Mylopoulos da Chung da Nixon suka gabatar a 1992, shi ya kawo abin da zan kira manufa mai laushi, wato wadda ba a cewa ta cika ko ba ta cika ba, sai dai a ce ta wadatar, kamar "sauƙin amfani". Wannan tunani ya riga ya shige cikin i* da GRL, saboda haka ba sai na gwada shi daban ba. GBRAM ta Annie Antón, ta 1996, na ɗauki ɗabi'a guda daga gare ta na wuce: bin takardun ma'aikata da bayanan hira ana tsintar kalmomin aiki irin su "tabbatar", "hana", "kiyaye", don a bayansu manufofi kan ɓuya. Da ita na fitar da jerin farko daga littafin ƙa'idojin asibitin.

Na fara da KAOS, kuma a nan na fi daɗewa. Axel van Lamsweerde na jami'ar Luban a Beljiyam shi ne jagoranta, tare da Dardenne da Fickas suka fitar da bayaninta na asali a 1993. Zanenta bishiya ce a kife. Na sa "majiyyaci ya ga likita a lokacin da aka ba shi" a sama, na tsaga ta: a ba shi lokacin da babu wani a kai, ya tuna da lokacin, likita ya kasance yana nan, fayil ɗinsa ya riga shi isa ɗakin. Tsagawa iri biyu ce, ko dai dole dukkan rassan su cika kafin uwar ta cika, ko kuma ɗaya daga cikinsu ya isa. Ƙa'idar da ta fi takura min, kuma ta fi amfanar da ni, ita ce ba ka daina tsagawa sai kowane reshe na ƙarshe ya zama alhakin mai aiwatarwa guda ɗaya. Idan manhaja ce ke ɗauke da shi, sunansa buƙata. Idan mutum ne ko wata na'ura ta waje, sunansa tsammani.

A kan reshen "ya tuna da lokacin" na ga amfanin wannan bambanci. Da farko na rubuta cewa manhaja za ta tunatar da majiyyaci, na ga kamar na gama. Sai ƙa'idar ta tsayar da ni: manhaja ba ta da iko a kan tunawar mutum. Iyakarta ta aika saƙo. Isar saƙon na kamfanin waya ne, karanta shi na majiyyaci ne, daidaiton lambar kuma na ma'aikacin da ya rubuta ta ne. Layi guda ya zama buƙata ɗaya da tsammani uku, kuma ukun nan su ne irin abubuwan da bara ba mu rubuta ba ko sau ɗaya.

Daga nan sai binciken cikas, wanda van Lamsweerde da Emmanuel Letier suka tsara a 2000. Ka ɗauki kowane reshe na ƙarshe ka juya shi, ka ce bai cika ba, sannan ka nemi duk hanyoyin da hakan zai iya faruwa. Ɗaya daga cikin misalan da suka yi aiki da su shi ne tsarin tura motocin ɗaukar marasa lafiya na Landan da ya rushe a watan Oktoba na 1992, inda manhajar ta dogara da cewa koyaushe tana da sahihin bayanin inda kowace mota take, alhali saƙonnin rediyo na ɓacewa kuma ma'aikata ba koyaushe suke danna maɓallin da ya dace ba. Na zauna da babbar ma'aikaciyar jinya muka yi wa reshen saƙo haka. Lamba ta canza. Waya a kashe. Saƙo ya iso bayan lokaci ya wuce. Sai ta ce, "Malam, idan kuma wayar ba tasa ba ce fa? Da yawa lambar ɗan'uwa suke bayarwa." Na rubuta. Ta ƙara da cewa, "Kuma saƙon naku zai ambaci sashen da zai je?" Na ce eh mana, don kada ya ɓata. Ta ce, "To akwai sassan da idan sunansu ya fito a wayar wani, kun tona wa mutum asiri." A cikin minti goma mun gano karo tsakanin manufofi biyu, tunatarwa da sirri, wanda babu shi a ko ɗaya daga cikin takardun da aka ba mu. KAOS ba ta tsaya a gano cikas ba, tana da jerin hanyoyin magance shi: a canza manufar, a canza wanda ke ɗauke da ita, a hana cikas ɗin aukuwa, a sassauta manufar, ko a yarda zai auku a rage ɓarnarsa. Muka sassauta: saƙo zai faɗi rana da sa'a da lambar ɗaki kawai.

Akwai wani bene na sama a KAOS, inda ake rubuta kowace manufa da alamomin manɗiƙin lokaci, wato alamomi irin na lissafi, a ce idan kaza ya faru to kaza zai biyo baya kafin lokaci kaza. Na ba shi kwana biyu. Ba zan ce bai tsinana komai ba, don da na zo rubuta "a lokacin da aka ba shi" da alamomi sai na ga babu wanda ya taɓa faɗa min minti nawa na jira ake yafewa kafin a ce manufar ta karye, na koma na tambaya. Amma tambayar nan da baki ma ana iya yin ta. Abin da na rubuta kuwa, a duk ofishinmu mutum ɗaya ne ya iya karanta shi ban da ni, shi ma sai da ya ɗauko tsohon littafinsa na jami'a. Ga manhajar jirgin ƙasa ko na'urar da ke ɗura wa mutum magani, zan biya wannan wahala ba gardama. Ga littafin alƙawarin ganin likita, ta fi ƙarfin buƙata.

Sai i*, wadda Eric Yu ya kawo a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Toronto a 1995. Ita ba daga manufa guda a sama take farawa ba, daga mutane take farawa. Kowane mai hannu a aiki da'ira ce, tsakanin da'irori kuma layukan dogaro: wane ya dogara da wane, a kan me. Abin dogaron iri huɗu ne, ko manufa, ko aiki, ko wani abu da ake miƙawa kamar fayil, ko manufa mai laushi. Wannan shi ne zane na farko. Na biyu yana buɗe cikin kowace da'ira ya nuna dalilan mai ita da zaɓin da ke gabansa.

Na zana na farkon a allo a gaban ma'aikata, kuma shi ne zaman da ya fi kowanne armashi a makonnin shida. Likita ya dogara da mai karɓar baƙi kada ta cusa masa mutum biyu a lokaci guda. Mai karɓar baƙi ta dogara da likita ya sanar da ita idan ba zai zo ba. Da na ja layin "fayil ya iso" daga likita, sai na rasa inda zan kai ƙarshensa. Aka ce ai mai kula da ɗakin fayiloli ne. Babu wanda ya gayyace shi zaman, babu sunan aikinsa a jerin masu ruwa da tsaki da aka ba mu, ga shi layuka huɗu sun taru a kansa. A bishiyar KAOS na riga na rubuta cewa fayil zai iso, na sa "ma'aikata" a ƙarƙashinsa na wuce, wanda karya ƙa'idar ce ma, amma zanen bai kama ni ba. A i* layin da ba shi da ƙarshe kowa na ganinsa. Muka aika aka kira shi, ya zo, ya gaya mana yana buƙatar jerin gobe tun yammacin yau, ba da safe ba, in ba haka ba fayilolin farko ba za su taɓa isa kan lokaci ba.

Daɗin ya ƙare da na koma ofis na buɗe cikin da'irorin. Masu hannu bakwai, kowanne da manufofinsa da ayyukansa, layuka na ƙetare juna kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Da manhajar zane ta piStar na yi aikin, wadda ke gudana a cikin burauza ba sai an girka komai ba, amma kyan kayan aiki bai hana zanen cika allo har ya zama sai an matso da shi kafin a karanta kalma ba. Ga kuma matsalar alamar da ke nuna alkiblar dogaro, wani harafin D ne a kan layi, rabin waɗanda na nuna wa a juye suka karanta shi. Ba ni kaɗai na lura ba, Daniel Moody da abokan aikinsa sun yi nazarin alamomin i* sun soki wannan harafi da ma yadda siffofin ba sa nuna ma'anarsu da kansu. Wani abin haushin shi ne kafin 2016 jami'o'i da dama kowacce da irin tata i*, har sai da aka fitar da iStar 2.0 don a samu matsaya guda. Duk wanda zai koya yau, daga nan ya fara, kada ya sha wahalar da na sha ina haɗa misalan da ba su jitu ba.

GRL 'yar gidan i* ce, amma ita ta samu hatimi: tana cikin ma'aunin Z.151 na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wanda aka amince da shi a 2008, tare da wata hanyar zana yadda aiki ke gudana mataki-mataki. Manhajarta jUCMNav, daga Jami'ar Ottawa, a kan wata babbar manhaja ta masu rubuta manhaja mai suna Eclipse take hawa, kuma girka ta ya ci min yini guda. Abin da ta fi sauran da shi shi ne lissafi. Kana ba kowane layi lamba daga -100 zuwa 100, gwargwadon yadda wani zaɓi ke taimakon wata manufa ko cutar da ita, sai ka zaɓi dabara, manhajar ta tura lambobin sama ta rina manufofin, kore ga wadda ta wadatu, ja ga wadda ta sha kashi. Na gwada zaɓi uku na tunatarwa: saƙon waya, kiran da ma'aikaci zai yi, da katin takarda. Saƙon waya ya fito kore shar.

Shugaba na ganin wannan ta ce an gama, wannan za mu ɗauka, don shi ne za a iya nuna wa hukumar asibiti. Nan na shiga tsaka mai wuya, saboda na san inda lambobin suka fito: daga kaina. Ni na ce saƙo na taimakon tunawa da 75, ni na ce yana cutar da sirri da 25, ba tare da na auna komai ba. A gabanta na mayar da 25 ɗin 50, na rage wata guda kaɗan, sai katin takarda ya hau gaba. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ra'ayinka ne ka yi wa fenti." Haka ne kuwa. Ban jefar da GRL don wannan ba. Na raba wa likita da jami'in mulki da ma'aikaciyar jinya takarda, kowa ya sa nasa lambobin ba tare da ya ga na wani ba. A kan nauyin sirri, tazarar da ke tsakanin jami'in mulki da ma'aikaciyar jinya ta kai rabin ma'aunin. Launin da manhajar ta fitar bayan haka ban ko kula shi ba, tazarar nan ce muka kai zaman gaba aka tattauna.

Da zane uku a hannu, sai na yi musu gwaji uku da babu ko ɗaya a jadawalina na farko. Na ba ma'aikatan da ba su halarci zama ba kowane zane ba tare da bayani ba, na yi musu tambayoyi a kai. Bishiyar KAOS suka fi saurin fahimta, zanen dogaro na i* na biye idan aka cire matsalar harafin nan, cikin da'irori kuwa babu wanda ya kai ƙarshensa. Na biyu, na kawo canji: a ce asibiti ya yarda majiyyaci ya soke lokacinsa da kansa. A KAOS na bi reshe ɗaya na ga duk abin da zai taɓu. A i* sai da na bi da'irori huɗu, amma ita ce ta nuna min cewa mai karɓar baƙi za ta rasa sanin wanda ya soke, abin da take dogara da shi wajen cike gurbi. Na uku, na miƙa wa masu rubuta manhaja na ce su fitar da ayyukan mako biyu daga ciki. Daga rassan KAOS na ƙarshe suka kwafa kusan kai tsaye. Da zanen i* kuwa ɗayansu cewa ya yi ya gane asibitin sarai, amma bai san me zai rubuta ranar Litinin ba.

Akwai aibi a gwajin nawa da sai a mako na biyar na farga da shi. Na fara da KAOS ina baƙo a harkar asibiti, na zo i* na riga na san rabin labarin, na zo GRL na haddace shi. Duk hanyar da ta zo daga baya ta ci gajiyar ta gabanta, kuma ni ne mai zane, ni ne alƙali. Na roƙi wata abokiyar aiki ta ɗauki wani yanki daban, na karɓar sakamakon gwajin jini, ta bi hanyoyin a juye, ta fara da GRL ta ƙare da KAOS. Lokacin da kowacce ta ci mata ya sha bamban da nawa, wanda ya nuna cewa kwanakin da na ƙirga ba abin dogaro ba ne, na cire su daga rahoto. Amma irin abin da kowace hanya ta tono mata bai canza ba: i* ta fito mata da mutumin da aka manta, wannan karon mai kai samfuri ɗakin gwaji, binciken cikas kuma ya fito da tambayar abin da za a yi idan sakamako mai hatsari ya fito likitan da ya nema ya tashi aiki.

Rahoton da na miƙa shafi uku ne. Na ce a zaman farko da ma'aikata mu yi zanen dogaro na i* a allo, da kibiya a madadin harafin D, kada mu buɗe cikin da'irori sai inda aka yi gardama. Daga nan mu gina bishiyar KAOS ba tare da alamomin manɗiƙi ba, mu yi binciken cikas a kan rassan da suka shafi lafiya ko sirri kawai, don yi wa kowane reshe zai cinye watannin biyu. GRL mu ajiye ta sai ranar da zaɓi biyu suka yi kunnen doki, kuma ranar masu aikin ne za su sa lambobi, ba mu ba. Shugaba ta karanta ta ce ita hanya ɗaya ta nema na kawo mata biyu da rabi, kuma wa zai riƙa daidaita zane biyu idan abu ya canza? Tambayar tana kan hanya. Muka tsaya a kan cewa bishiyar ce kaɗai za a riƙa sabuntawa, zanen dogaro kuwa a ɗauki hotonsa a ajiye da kwanan wata. Ta sa hannu, ta ƙara layi guda da biro a ƙasan shafin ƙarshe, cewa a sa mai kula da ɗakin fayiloli cikin waɗanda za a gayyata zaman ranar Litinin.